Mutanen da Suka Ji Tsoron Arzikinsu

Sau biyu arziki yana kufce wa garin Stavanger kafin kowa ya san akwai mai a ƙarƙashin tekunsu. Na farko wani kifi ne da ake kira herin, wanda yake zuwa gaɓar yammacin Norwe garke-garke a ƙarshen kowane hunturu, a kama shi, a barbaɗa masa gishiri, a loda a jiragen ruwa zuwa kasuwannin ƙetare. Wajen 1870 kifin ya ɗauke ƙafa, babu sallama. Na biyu kifin gwangwani ne, sadin ɗin nan da muke ci da burodi. Garin ya cika da masana'antunsa, da wuya ka samu gidan da ba ya cin abinci a ciki, har bayan Yaƙin Duniya na Biyu kasuwar ta fara sanyi, masana'antun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Baƙon da ya sauka a farkon shekarun 1960 garin masu ƙaramin ƙarfi zai tarar, matasansa suna neman hanyar ficewa.

Unguwar ma'aikatan kifin tana nan ba a rushe ba: ƙananan gidajen katako farare tas, lunguna shimfiɗe da duwatsu, furanni a bakin taga. A cikinta akwai wata tsohuwar masana'anta da aka mayar gidan tarihi. Na daɗe a gaban teburin da mata suke zama su tsire kifi a tsinken ƙarfe, ta wajen kai, a rataya a murhun itace ya sha hayaƙi, a guntule kawunan, sannan a jera shi cikin gwangwani da hannu, ɗaya kusa da ɗaya, a tsiyaya man zaitun. Ƙaurin hayaƙin bai bar bangon ba har yau. 'Yan makaranta sun cika ɗakin, malamarsu tana nuna musu aikin da kakannin kakanninsu suka rayu a kai, aikin da babu mai yin sa a garin yanzu.

Tafiyar 'yan mintuna daga nan, a ɗaya gefen tashar jiragen ruwa, gidan tarihin man fetur yake, an gina shi a bakin ruwa da siffar dandamalin haƙar mai. A 1999 aka buɗe shi, lokacin da man yake tsakiyar ganiyarsa. Mai masaukina ɗan Zariya ne, injiniyan rijiyoyin mai da ya daɗe a can, ya kuma girme ni. Na ce masa, "Yaya, mu a wajenmu sai abu ya mutu ake kai shi gidan tarihi." Ya ce, "Ai mutanen nan tun ranar da suka samu man suke maganar ranar da zai ƙare. Ka bi bangon nan ka karanta, za ka gani."

Su kansu ba su zaci suna da shi ba. A 1958 hukumar binciken ƙasa ta Norwe ta rubuta wa ma'aikatar harkokin waje cewa a cire rai da samun kwal ko mai a ƙarƙashin tekun ƙasar. Shekara ɗaya bayan haka aka tono iskar gas mai ɗimbin yawa a Groningen ta ƙasar Holan, idon kamfanoni ya koma kan Tekun Arewa. A 1962 kamfanin Phillips na Amurka ya nemi a ba shi ikon bincike shi kaɗai a dukkan yankin ruwan Norwe, zai riƙa kashe dala 160,000 kowane wata. Jami'an gwamnati suka ƙi sa hannu. Sai da suka tabbatar a 1963 cewa duk abin da ke ƙarƙashin ruwan mallakar ƙasa ne, sannan suka yanka yankin gunduwa-gunduwa suka fara ba da lasisi. Aka yi ta haƙa ana tarar da rijiyoyi busassu, kamfanoni suka fara tattara kayansu. Ana saura kwana biyu Kirsimeti a 1969, Phillips ya sanar da gwamnati cewa ya dace a filin Ekofisk. Mu a lokacin mun shekara 13 da samun namu a Oloibiri.

A nan labarin ya ɗauko wani mutum da ban taɓa tsammanin samu a tarihin Turawan arewa ba. Faruk al-Kasim haifaffen Basra ne a Iraƙi, ya karanta ilimin duwatsu da mai a Landan, ya yi aiki da wani kamfanin mai a ƙasarsa. Matarsa 'yar Norwe ce, ƙaramin ɗansu kuma an haife shi da lalurar ƙwaƙwalwa mai shafar gaɓoɓi, saboda haka a 1968 ya bar muƙaminsa suka taso neman wa yaron magani. Ranar da ya sauka Oslo yana da sa'o'i kafin jirgin ƙasa ya tashi, sai ya leƙa ma'aikatar masana'antu don ya tambayi sunayen kamfanonin da za su iya ɗaukarsa aiki. Jami'an da ke kula da harkar mai a duk ƙasar ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, ga tarin bayanan haƙa a gabansu suna neman mai karanta musu. Suka riƙe shi.

Mutumin ya zo da abin da su ba su da shi: ya ga yadda mai yake yi wa ƙasa. Ya san yadda kamfanonin waje suke zuƙe mai sauƙin ɗiba su bar sauran, ya kuma san yadda kuɗin mai suke lalata hukuma idan mai sa ido da mai ciniki mutum ɗaya ne. Yana cikin waɗanda suka tsara shawarar raba aikin gida uku. Ma'aikata ta tsara manufa, hukuma ta daban ta sa ido, kamfanin gwamnati kuma ya yi ciniki yana gogayya da sauran kamfanoni ƙarƙashin doka ɗaya. A 1972 majalisa ta kafa kamfanin Statoil, wanda ake kira Equinor tun 2018, da hukumar kula da mai, aka ajiye su duka a Stavanger. Al-Kasim ya shafe shekaru yana shugabantar sashen albarkatu na hukumar, a 2012 kuma sarkin ƙasar ya ba shi lambar girma. Na yi ta tunanin ƙasar da za ta miƙa wa baƙo Balarabe mabuɗin dukiyarta saboda kawai ya san aikin, da kuma ƙasar da ta yi asarar irinsa.

Tun a 1971 majalisar ta amince da ƙa'idoji goma na tafiyar da harkar mai. Ɗaya daga ciki ta hana ƙona iskar gas a sararin sama sai na ɗan lokacin gwaji. Duk wanda ya taɓa kwana a yankin Neja Delta ya ga sararin sama ja da tsakar dare zai san nauyin wannan jimla ɗaya. A 1974 gwamnati ta kai wa majalisa takarda cewa a riƙa ɗibar man a hankali don kada kuɗin su fi ƙarfin ƙasa. Haraji kuwa ba wasa: kashi 78 cikin 100 na ribar mai na gwamnati ne, kamfanoni kuma ba su gudu ba, domin sun san dokar ba ta sauyawa da sauyin minista. Hukumar ta matsa musu su tatso kowace rijiya iya tatsuwa. Ekofisk da aka ƙiyasta za a iya fitar da kashi 17 kacal na man da ke cikinsa, da aka fara ɗura masa ruwa a 1987 ya zama ana sa ran fitar da fiye da rabi. A shekarar ce kuma, da aka ga ƙasan tekun yana lotsawa saboda ɗibar mai, aka yanke ƙafafun dandamalan, aka ɗaga su sama mita 6 da manyan jak, aka yi musu ƙari. Hoton wannan aiki yana gidan tarihin, na kuma tsaya a gabansa baki buɗe.

Kada mai karatu ya ɗauka mala'iku ne. A shekarun 1970 sun ci bashi da sunan man da ba a haƙo ba tukuna, har sai da aka daskarar da albashi da farashi a 1978. A farkon shekarun 1980 aka sakar wa bankuna mara, kowa ya ci bashi ya sayi gida da mota. Sai 1986 ta zo, gangar mai ta faɗo daga kusan dala 30 zuwa wajen dala 10. Shekarar ce Najeriya ta shiga shirin SAP, kuma tsoron da ya kama Legas da Kano shi ya kama Oslo. Firaminista Kåre Willoch ya nemi ƙara harajin fetur don toshe giɓi, majalisa ta ƙi, ya ajiye mulki. Gro Harlem Brundtland da ta gaje shi, wadda jam'iyyarta ta ƙi ƙarin, ita ta zo ta karya darajar kuɗin ƙasar, kurona, ta kuma tsuke bakin aljihu. Daga nan bankuna suka fara durƙushewa. A 1991 gwamnati ta karɓe biyu daga cikin manyansu, ta kare kuɗin masu ajiya, amma ta mayar da hannun jarin masu bankunan sifili, shugabanninsu kuma suka kama gabansu. A tsakanin nan aikin faɗaɗa matatar Mongstad ta Statoil ya zarce kasafinsa da kurona biliyan 6. Arve Johnsen, wanda ya shugabanci Statoil tun kafuwarsa, mutumin da ake ganin ba ya taɓuwa, ya sauka a farkon 1988.

Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani, kuma 'yan siyasar Norwe ma sun iya wannan hawan. Abin da ya burge ni shi ne zargin nasu yana da wurin sauka. Akwai suna, akwai rahoto, akwai kujerar da ake bari. Wani lokaci saukar takan yi jinkiri ƙwarai. A gidan tarihin akwai wani katon guntun bututun ƙarfe, ya tsage ya murɗe kamar ba ƙarfe ba. Daga jikin dandamalin Alexander Kielland aka ciro shi, wanda ma'aikata suke kwana a kai a yankin Ekofisk. Da yammacin 27 ga Maris 1980, ana iska mai ƙarfi, wannan ƙarfen ya karye, ƙafa ɗaya ta ɓalle, dandamalin ya kife da mutum 212. Mutum 123 suka rasu. Bincike ya gano tsagar ta faro ne daga wata 'yar walda da ba a yi da kyau ba. Iyalan mamatan ba su gamsu ba, suka yi shekara 40 suna bin kadi, har a 2021 babban mai binciken kuɗin gwamnati ya fitar da rahoton da ya nuna gazawar hukuma, majalisa kuma ta nemi gafararsu. Na taɓa ƙarfen da hannuna, sanyi ƙalau. Kusa da ni wani dattijo yana tsaye bai ce komai ba, Yaya ya raɗa mini cewa a garin nan da wuya ka samu mai shekarunsa da bai san wani a cikin mutum 123 ɗin ba.

Wahalar 1986 ce ta haifi asusun da duniya take magana a kai. Tun a 1983 wani kwamiti ƙarƙashin Hermod Skånland, wanda daga baya ya zama gwamnan Babban Banki, ya kawo shawarar ajiyar kuɗin mai, amma shi kansa bai yarda 'yan siyasa za su iya kallon tulin kuɗi su kame hannu ba. A 1990 aka yi dokar asusun, ya zauna wayam shekara shida saboda kasafin kuɗi yana da giɓi. A watan Mayun 1996 aka zuba kuɗin farko, ƙasa kaɗan da kurona biliyan 2. Tsarin mai sauƙin faɗa ne. Duk abin da gwamnati ta samu daga mai, haraji ne ko ribar hannun jari ko kason da take da shi kai-tsaye a rijiyoyi, asusun yake wucewa. Ba a zuba jarinsa a cikin gida ko kaɗan, sai a ƙetare, don kada kuɗin su kumbura kurona su kashe sauran sana'o'i kamar yadda gas ya yi wa Holan. A 2001, zamanin gwamnatin Jens Stoltenberg ta farko, aka sa ƙa'idar cewa abin da za a riƙa ciro wa kasafi kada ya wuce ribar da ake sa ran asusun zai kawo, wato kashi 4 cikin 100 a shekara. Yaya ya taƙaita mini shi da cewa saniya ce, nono ake sha, ba a yankawa.

Shekarar 2001 ɗin nan ita ce man nasu ya kai ƙololuwa, wajen ganga miliyan 3.4 a rana. Daga nan ya kama gangara, zuwa 2013 ya koma ƙasa da miliyan 2, kuma ko da babban filin Johan Sverdrup ya fara aiki a 2019 bai mayar da shi inda yake ba. Rijiyoyi suna raguwa, asusu yana hauhawa. A 2017 ya haura dala tiriliyan 1, a ƙarshen 2024 ya taɓa kurona tiriliyan 20. A lokacin yana da hannun jari a kamfanoni kusan 9,000, wajen kashi ɗaya da rabi cikin 100 na dukkan hannayen jarin da ake cinikinsu a kasuwannin duniya. In aka raba wa mutanen ƙasar, su miliyan 5 da rabi, kowa zai tashi da fiye da dala 300,000. Fiye da rabin kuɗin ma yanzu riba ce, ba kuɗin mai ba. Birtaniya da suka raba tekun tare, wadda nata man ya kai ƙololuwa a 1999, ba ta kafa irin wannan asusu ba, ta kashe nata yana shigowa.

Wata rana muna shan shayi da dare, ko da yake dare a bazararsu suna ne kawai, domin rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 11, mai jiran Isha sai ya yi haƙuri, Yaya ya buɗe shafin asusun a wayarsa ya miƙo mini. Lambobi ne dogaye suna ta juyawa, suna hawa suna sauka kowace daƙiƙa, darajar dukiyar ƙasa ke nan a idon kowa. Ya latsa wani wuri, sunan kowane kamfani da aka sayi jarinsa ya fito, da adadin kuɗin. Haka harajin mutane yake, kana iya duba abin da maƙwabcinka ko ministanka ya samu da abin da ya biya, sai dai tun 2014 shi ma zai ga sunan wanda ya duba shi. An jarrabi ƙa'idar asusun ba sau ɗaya ba. A 2008 ya yi asarar kashi 23 cikin 100, aka yi ta surutu, amma suka ci gaba da sayen jari lokacin da kowa yake gudu. Akwai kuma jam'iyyar da ta gina sunanta a kan cewa a buɗe asusun a yi tituna da asibitoci. Ta shiga gwamnati a 2013, shugabarta Siv Jensen ta zama ministar kuɗi, kuma a hannunta aka rage ƙa'idar daga kashi 4 zuwa kashi 3 a 2017.

Yaya ya ga gwajin da idonsa. A tsakiyar 2014 ganga tana wajen dala 115, zuwa Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da 30. Dubun-dubatar ma'aikata suka rasa aiki, Stavanger ce kuma ta fi jin jiki. Shi ma an sallame shi. Ya ce a layinsu allunan sayar da gida suka yi ta tsirowa babu mai taya, gidajen abinci suka bushe, jaridu suna tambaya ko zamanin mai ya ƙare ke nan. "Na tsorata, ɗan'uwa," in ji shi, "amma ban taɓa tunanin abin da yara za su ci ba." Gwamnati tana biyan wanda ya rasa aiki wajen kashi 62 cikin 100 na albashinsa na wani lokaci, makaranta kyauta ce, asibiti kusan kyauta. A 2016, karo na farko, abin da aka ciro daga asusun ya fi abin da aka zuba, aka kuma faɗa a fili cikin kasafi. Darajar kurona ta faɗi, wanda ya taimaki masu fitar da kifi da sauran kaya. Ba a rufe makaranta ko ɗaya don rashin albashi ba.

Dole tunanina ya dawo gida. Gaskiya ita ce ba a haɗa mutum miliyan 5 da rabi da mutum fiye da miliyan 200, alhali man da ƙasashen biyu suke haƙowa bai yi nisa da juna ba. Norwe tana da kotuna da makarantu da ma'aikatan gwamnati masu riƙon amana tun kafin mai, kuma ƙasar da yaranta suke zaune a ƙasa a aji ba za ta kwashe duk kuɗinta ta kai kasuwar Landan ba. Amma mu ma mun gwada ajiya. An buɗe asusun rarar ɗanyen mai a 2004, ya kai wajen dala biliyan 20, gwamnoni suka garzaya kotu cewa tsarin mulki ya ce a raba, zuwa 2022 abin da ya rage bai kai dala miliyan 1 ba. Cadi ta yi doka ta ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin man Doba don 'yan baya, man ya fara gudu a 2003, a ƙarshen 2005 aka soke asusun. Ba yawan jama'a ne ya cinye waɗannan ba. Yanzu da Nijar take tace mai kusa da Damagaram tun 2011, take kuma tura ɗanyensa gaɓar Benin ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000, da kuma aka ƙaddamar da haƙar Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe a 2022, tambayar da Norwe ta yi wa kanta a 1971 ta iso ƙofar Bahaushe.

Su ma fa tsoron bai bar su ba, sutura ya sauya. Hukumarsu ta kula da mai ta faɗa a fili cewa mai da gas za su ja baya sosai bayan 2030 in ba a samu sababbin filaye ba. Tsofaffi suna ƙaruwa, kurona ta yi rauni, asusun kuma yanzu shi yake ɗaukar wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kasafi, wanda ke nufin faɗuwar kasuwar hannun jari a Amurka tana iya taɓa asibitin ƙauye a Norwe. A farkon 2025 wani masanin tattalin arziki, Martin Bech Holte, ya fitar da littafi yana cewa ƙasar ta yi arzikin da ya sa ta kasala, aka yi ta cacar baki a kai. A 2022 kuɗin wutar lantarki ya yi tashin gwauron zabi a kudancin ƙasar, har da Stavanger, a ƙasar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutarta daga ruwa take. Wasu suka ɗora laifin a kan wayoyin ƙarƙashin teku da aka ja zuwa Jamus da Ingila a 2021, wasu a kan Rasha da yaƙin Yukren, wasu a kan ƙarancin ruwan sama. Gwamnati ta ɗauke wa gidaje kaso mafi tsoka na ƙarin, amma rigimar ba ta mutu ba, sai da ta raba gwamnatin haɗaka a Janairun 2025, Stoltenberg da ya gama shugabancin NATO ya dawo ministan kuɗi. Na ji direban tasi yana surfa wa gwamnati baƙar magana yadda na saba ji a gida. Da na tambaye shi ko a fasa asusun a raba, sai ya waiwayo ya ce ai ba nasu ba ne su kaɗai, akwai jikoki.

Litar fetur a wannan ƙasa mai arzikin mai ta haura kurona 20, wajen dala 2, tana cikin mafi tsada a duniya, babu kuma ɗan siyasa mai nauyi da yake maganar tallafin mai. Motocin lantarki aka sauƙaƙa wa haraji, har a 2024 kusan tara cikin kowace sabuwar mota goma da aka sayar ta lantarki ce. A irinta muka bi ramin Ryfylke, titi mai tsawon kilomita 14 da 'yan kai a ƙarƙashin teku, zurfinsa ya kusa mita 300, muka je muka hau dutsen Preikestolen da ya miƙe mita 604 a kan ruwa. Kyawun wurin ya fi ƙarfin alƙalamina. Sai dai a raina akwai abin da ya tsaya: man da ba sa ƙonawa a gida suna sayar wa wasu su ƙona, zafin kuma yana isa har gonakin Sahel. Wannan ma ba su ɓoye ba. Matasansu sun kai gwamnati ƙara a kan lasisin haƙa a tekun Barents, kotun ƙoli ta ba gwamnati gaskiya a Disambar 2020, muhawarar kuma tana nan. A tsibiran Lofoten an bar man a ƙasa ba a taɓa ba, saboda nan kifin kod yake zuwa ya yi ƙwai. Kawunan busasshen kifin nan da ake kasawa a kasuwar Sabon Gari ta Kano, da yawansu daga can suke.

Yaya ya koma aiki, amma ba haƙa yake yi ba yanzu, toshewa yake. Rijiyar da ta ƙare sai an ɗura mata siminti a matakai daban-daban, an gwada an tabbatar ba ta yoyo, an yanke bututun daga ƙasan teku. Dokarsu ta wajabta wa kamfani ya kawo shirin kwashe kayansa shekara biyu zuwa biyar kafin ya daina aiki a fili, kuma tun 1998 ƙasashen yankin suka haramta nutsar da tsofaffin dandamalan ƙarfe a teku. Ya ɗauke ni muka tsallaka da jirgin fito zuwa Vats, wani ƙauye a lungun ruwa mai zurfi a arewacin Stavanger, inda ake kawo su a farfasa. Daga bakin hanya muka hango wani sashen dandamali a kan tudu, tsayinsa ya kai bene mai hawa da yawa, tsatsa ta ci gefensa, ga tagogin ɗakunan da mutane suka kwana a ciki shekara da shekaru. Ma'aikata cikin jajayen kaya suna yanka shi da wuta, ƙugiya tana ɗauke gunduwa-gunduwa tana jerawa. A nan aka farfasa wasu daga cikin dandamalan Ekofisk na farko, kusan duk ƙarfen kuma narkar da shi ake yi a sake amfani da shi. Na tambayi Yaya ko wannan aikin zai kai shi ritaya. Ya ce rijiyoyin da ke jiran toshewa dubbai ne, shi da yaran da yake koya wa aiki ba za su gama su ba.